Dashen Kaka: Ina Iyakar Alhakin Mai Dasa Itace?

A ƙasashen da ke can arewacin duniya, irin su Jamus da Faransa da Birtaniya, akwai wata al'ada wadda takan ba baƙo daga ƙasashen zafi mamaki. Sa'ad da watan Oktoba ya ƙare, Nuwamba ya kama, yini ya gajarta har duhu yakan rufe tun kafin ƙarfe biyar na yamma, ganyayen itatuwa kuma sun yi ja sun zube, a lokacin ne manoma da masu lambu sukan fito da shebur su haƙa ramuka su dasa itatuwa. Abin da suke dasawa kuwa ba shi da kyan gani ko kaɗan. Sanda ce tsirara, ba ganye ba fure, da 'yan saiwoyi a gindinta waɗanda ko ƙasa babu a jikinsu. Mutumin da ya saba ganin ana dashe sa'ad da damina ta kankama, kome ya yi kore shar, zai ce waɗannan mutane sun makara, ko kuwa binne itacen suke yi da ransa, gama 'yan makonni kaɗan ne suka rage kafin hunturun da ruwa yakan daskare ya zama kamar dutse.

Ya kamata mai karatu ya sani tun da wuri cewa kakarsu da hunturunsu sun sha bamban da waɗanda aka sani a Nijeriya. Kakarsu, watau daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin yayyafi ne da danshi. Hunturunsu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan zo da dusar ƙanƙara da sanyin da ke daskarar da ƙasa, itatuwa ba su sāke yin toho sai wajen Maris ko Afrilu. Duk da haka al'adar dashen kaka ta daɗe ƙwarai. Manoman Faransa suna da karin magana da ke nuna cewa ranar tunawa da Katarina mai tsarki, 25 ga Nuwamba, kowane itace da aka kafa a ƙasa yakan kama. A Birtaniya kuma, tun daga shekarar 1975, akan keɓe mako guda a ƙarshen Nuwamba domin buɗe lokacin dashe, abin da aka soma bayan wata cuta ta hallaka miliyoyin itatuwan elm a ƙasar.

Dalilin abin yana ƙarƙashin ƙasa. Itacen da ke zubar da ganye da kaka barci yake shiga. Kafin ganyen ya faɗi, itacen yakan janye abincin da ke cikinsa ya adana a ɓawo da saiwa, ya rufe idanun tohonsa, ya rage bukatar ruwa, tun da yake ta ganye ne ruwa ke fita daga jikinsa. A wannan hali ana iya tone shi daga gandun reno a kai shi wani wuri ba tare da ya ji jiki sosai ba, kamar yadda uwa takan ɗauki yaro mai barci daga tabarma ta kai shi gado. Ƙasa kuma ba ta saurin yin sanyi kamar iska. Ɗumin da ta tara cikin watannin zafi yakan daɗe a cikinta, saboda haka saiwa takan ci gaba da miƙewa a hankali har sai sanyin ƙasar ya sauko wajen digiri 5 a ma'aunin Selshiyos. Ruwan kaka kuma yakan zaunar da ƙasar a jikin saiwoyin. Idan Afrilu ya zo, toho ya buɗe, ganye ya soma neman ruwa, sai ya tarar akwai mai ba shi. Itacen da aka jinkirta dashensa har Afrilu dole ya yi ayyuka biyu a lokaci ɗaya, ya kafa saiwa yana kuma ciyar da ganye, ga zafi tafe. Ko da shi ke haka ne, dokar ba ta kowane wuri ba ce: inda ƙasa ke daskarewa da wuri kuma da zurfi, kamar yankuna da yawa na Kanada da Rasha, akan jira hunturu ya wuce tukuna.

Wannan shi ne ilimin abin, ba shi kuwa da wata gardama. Inda gardama take shi ne wajen mutumin da ke riƙe da shebur. Daga ranar da ya dasa har wata biyar ba zai ga kome ba. Sandar tana nan tsaye yadda ya bar ta, ba zai iya sanin ko tana raye ba sai ya kankare ɓawonta da farce ya ga ko akwai kore a ciki. In tuffa ce ya dasa, zai jira shekaru kafin ya ɗanɗana 'ya'yanta. In itacen oak ne, ba shi ba, ko jikansa da wuya ya ga cikar girmansa. To, mene ne matsayin aikin da mai yinsa ba zai ga ƙarshensa ba? Dasawar ce aikin kirkin, ko da itacen ya rayu ko ya mutu? Ko kuwa sai itacen ya rayu aikin yake zama aiki? In kuwa sai ya rayu, har yaushe ne alhakin ransa yake a wuyan wanda ya dasa shi?

Amsar da ta fi shahara a cikin ikkilisiyoyin Turai ita ce wata magana da akan jingina wa Martin Luther, cewa ko da ya san gobe duniya za ta ƙare, yau zai dasa ɗan itacen tuffarsa. An nemi maganar nan a cikin rubuce-rubucen Luther da hirarrakinsa da ɗalibansa suka tattara, ba a same ta ba. Wuri mafi daɗewa da aka gan ta a rubuce shi ne wata wasiƙa da wani fasto mai suna Karl Lotz ya aika wa 'yan'uwansa masu hidima a yankin Hesse na Jamus a watan Oktoba 1944, kusan shekara 400 bayan mutuwar Luther a 1546. Wannan bai rage mata daraja ba, sai ma ya nuna irin ƙasar da ta tsiro a ciki. Kakar 1944 ita ce kaka ta ƙarshe ta Yaƙin Duniya na Biyu a Turai. Bama-bamai suna rushe biranen Jamus dare da rana, rundunoni sun iso kan iyaka daga gabas da yamma, ga hunturu a bakin ƙofa. Mutanen da suka riƙa faɗa wa juna maganar itacen tuffa a lokacin ba misali suke bugawa ba, gama duniyar da suka sani tana ƙarewa a kan idonsu.

Ba Kirista kaɗai suke da irin wannan tunani ba. Musulmi suna da hadisin da ke umurtar wanda tashin kiyama ya riske shi da ɗan dashen dabino a hannu ya dasa shi in yana da iko. A cikin tsofaffin littattafan malaman Yahudawa kuma akwai shawarar cewa wanda aka yi wa albishir da zuwan Almasihu yana cikin dashe ya gama dashensa tukuna kafin ya fita tarye. Addinai uku da suka saɓa a kan abubuwa masu yawa sun haɗu a kan ɗan itace. A garin Wittenberg, inda Luther ya yi aikinsa, maganar tuffar ta haifi lambu na gaske: domin cikar shekara 500 da soma gyaran ikkilisiya, wadda ta kama a 2017, an gayyaci ikkilisiyoyi daga ko'ina a duniya su dasa itatuwa 500, aka soma ranar 1 ga Nuwamba 2009, a tsakiyar lokacin dashen kaka. An kuma roƙi kowace ikkilisiya da ta dasa a can ta dasa wani a ƙasarta.

Gaskiyar da ke cikin maganar a fili take. Mutum ba ya barin aikin da ya wajaba a kansa don kawai bai tabbata da gobe ba, gama ba wanda aka taɓa ba shi tabbacin gobe. Amma maganar tana da wani lahani wanda masu ƙaunarta ba su cika kula da shi ba. In gobe duniya za ta ƙare, mai dashen ba shi da aikin jibi. Ba zai yi ban ruwa ba, ba zai kori zomo ba, ba zai cire ciyawa ba. Labarin ya tsaya daidai inda wahalar take somawa. Saboda haka yana da sauƙi mutum ya ɗauki rabin maganar, watau kyan ranar dashe, ya bar sauran, alhali kuwa kusan kullum duniya ba ta ƙarewa gobe, itacen kuma yana nan yana jira.

Abin da ya faru a Turkiyya ya isa misali. Ranar 11 ga Nuwamba 2019, da ƙarfe 11 da minti 11 na safe, gwamnatin ƙasar ta tara jama'a a wurare fiye da 2,000 domin a dasa itatuwa miliyan 11 a rana ɗaya. A yankin Çorum kaɗai an dasa 303,150 cikin sa'a guda, abin da ya shiga kundin bajinta na Guinness. Kafin watan Janairu 2020 ya ƙare, shugaban wata ƙungiyar ma'aikatan gona da gandun daji ya ce kusan kashi 90 cikin 100 na dashen da mutanensa suka duba sun riga sun mutu, ya kuma ɗora laifin a kan ƙarancin ruwan sama da rashin gwanintar masu dashen. Ma'aikatar gwamnati ta musanta, ta ce kashi 95 cikin 100 suna raye. Abin lura a nan ya wuce batun wanda ya fi gaskiya a cikinsu. An san adadin abin da aka dasa har zuwa itace na ƙarshe, 303,150, amma adadin abin da ya rayu ya zama abin jayayya tsakanin kashi 10 da kashi 95. Ranar kanta ma, da sa'arta da mintinta, kyan lambarta ya fi bayyana a kan danshin ƙasarta. Ba Turkiyya kaɗai ke da wannan hali ba. Kusan ko'ina a duniya an fi ƙidayar ramuka a kan ƙidayar inuwa.

Sai an dubi abin da ɗan itace yake bukata kafin hunturu ne ake gane girman abin da akan tsallake. Ramin ya kamata ya fi faɗi a kan zurfi, a kuma sassauta gefensa domin saiwa ta sami hanya. Wuyan itacen, inda saiwa ta haɗu da gangar jiki, dole ya tsaya daidai da fuskar ƙasa. Wanda ya binne shi da zurfi, yana tsammani kāre shi yake yi daga sanyi, ya ruɓar da shi ne a hankali, sai bayan shekaru abin zai bayyana. Saiwar da aka tono tsirara ba ta jure iska, ɗan lokaci kaɗan a fili ya isa ya busar da ƙananan jijiyoyinta, saboda haka gwanaye sukan bar ta cikin buhu ko bokitin ruwa har sai ramin ya shirya. Bayan an mayar da ƙasa an taka ta, akan ba shi ruwa sosai ko da ana yayyafi, a share ciyawa kewaye da shi kamar faɗin mita ɗaya, a shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye ko ɓarzajjen ɓawon itace domin riƙe ɗumi da danshi, amma kada shimfiɗar ta taɓa jikin itacen. Ba a ba shi takin da ke sa saurin toho a wannan lokaci, gama tohon da ya fito a makare sanyi ne zai ƙone shi.

Sa'an nan ga maƙiya. Idan dusar ƙanƙara ta rufe ciyawa, zomaye da ɓeraye da barewa sukan koma cin ɓawon ƙananan itatuwa, itacen da aka ci ɓawonsa aka kewaye kuwa ya mutu ke nan, ko da saiwarsa lafiya lau take. Domin wannan akan sa masa riga ta raga ko ta roba. Rana ma takan zama maƙiyiya: da yini takan ɗumama gefe ɗaya na jikin itacen, da dare sanyi ya sauko farat ɗaya, sai ɓawon ya tsage. Shi ya sa a gonakin 'ya'yan itatuwa na Jamus da gabashin Turai akan shafa wa gindinsu farar ƙasa kafin hunturu. Akan kafa turke a ɗaure itacen da sassauci domin iska kada ta jijjiga saiwar da ba ta kama ba tukuna. Akwai kuma wani ɗan aiki wanda ba mai ɗaukar hotonsa. Duk sa'ad da ƙasa ta daskare ta narke, takan kumbura ta ɗaga ɗan itacen, ta bar rami a gindinsa. Dole wani ya fito cikin sanyin Janairu ya bi layi ɗaya ɗaya yana danna ƙasar da diddigensa. Duk waɗannan sai an shirya su tun kafin sanyi ya iso, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan hunturu ya wuce kuma akwai ban ruwa na shekara biyu ko uku cikin watannin zafi.

Daga nan ake iya amsa tambaya ta farko. Akwai masu cewa niyya ita ce kome, wanda ya dasa da zuciya ɗaya ya yi nasa, sauran kuma na Allah ne. Amma itacen da ya tsiro da kansa a jeji ba ya bin kowa bashi, ba wanda ya taɓa shi. Ɗan dashe kuwa dabam ne. Yana zaune lafiya a gandun reno, sai mutum ya zo ya tono shi, ya yanke masa saiwoyi da yawa, ya kai shi inda bai zaɓa ba, a bakin lokacin da ya fi kowane tsanani. Mutumin ne da hannunsa ya mai da shi mabukaci. Wanda ya jawo wa wani abu mai rai bukata ya ɗauki alkawari, ko ya furta ko bai furta ba. In ya juya baya bayan an yi tafi an watse, ya yi kama da mahaifin da ya yanka babban rago ranar suna, ya tara gari, kashegari kuma ya manta da abincin mai jego. Ba wanda zai ce kyan niyyarsa ranar suna ta wanke shi. Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba: shekara biyu ko uku na wahalar mai reno, da kuɗin jama'a, da filin da aka ce an riga an dasa, saboda haka ba wanda zai sāke waiwayarsa.

Misalin itacen ɓaure da ke cikin Bishara ta Luka, sura 13, yana da amfani a nan, ko da shi ke ba domin koyar da aikin lambu aka ba da shi ba. Mai gonar ya gaji da jiran 'ya'ya shekara uku, ya ce a sare. Mai lura da gonar ya roƙi a ƙara wa itacen shekara ɗaya, amma bai roƙa da hannu wofi ba, ya ɗora wa kansa aikin tone gindinsa da zuba masa taki. Begensa yana da fartanya a hannu. Ya kuma yarda cewa bayan ya yi nasa, itacen yana iya ƙin yin 'ya'ya.

Wannan yardar ta kai ga tambaya ta biyu, watau iyakar alhakin. In aka ce mai dashe yana da alhakin duk abin da zai sami itacen har abada, ba mai hankalin da zai ɗauki shebur. A cikin shekarun 1830 gwamnatin Suwidin ta damu da ƙarancin itacen oak na sassaƙa jiragen ruwan yaƙi, sai ta sa aka dasa kimanin 300,000 a tsibirin Visingsö da ke cikin tafkin Vättern. An yi aikin da basira, aka cuɗa su da waɗansu irin itatuwa domin gasar neman rana ta tilasta musu miƙewa sak, ba karkacewa. Aka yi ta lura da su tsara bayan tsara. A shekarar 1975 aka sanar da rundunar sojan ruwa cewa itatuwanta sun isa sara. Fiye da shekara 100 ke nan da jiragen yaƙi suka koma na ƙarfe. Manufar da aka yi dashen dominta ta mutu tun itatuwan suna ƙanana. Amma da wuya a sami wanda zai shiga kurmin nan yau ya ce masu dashen sun yi aikin banza. Sun yi kuskuren hasashe, ba su yi kuskuren reno ba, kuskuren hasashe kuwa rabon kowane ɗan adam ne.

Wani lokaci ma amfanin da na baya za su yi da itacen yakan zama abin da zai sa mai dashen hawaye da yana raye. Babban lambun Tiergarten da ke tsakiyar Balin yana da itatuwa wajen 200,000 kafin yaƙi. Bama-bamai suka ci waɗansu, sauran kuma mutanen birnin suka sare domin jin ɗumi a hunturun shekarun da suka bi 1945, suka mai da filin gonar dankali da kayan miya. Kimanin 700 kaɗai suka tsira. Masu dashen farko sun yi nufin wurin shan iska ne da ƙawa. Abin da suka bari a zahiri shi ne rumbun itacen wuta domin jikokin jikokinsu masu rawar sanyi. Ba daidai ba ne a zargi uwar da ta sare itacen shekara ɗari domin ɗanta kada ya daskare, ba daidai ba ne kuma a ce mai dashen ya yi hasara. Kyauta ce ya bayar, wanda ya ba da kyauta kuwa ba ya bin ta yana faɗin yadda za a yi da ita. An soma sāke dasa lambun a 1949.

Akan ji masu gardama suna cewa mutum ba zai iya ɗaukar hakkin wanda ba a haifa ba, tun da yake wanda babu shi ba shi da abin da zai nema, ba kuma zai iya rama alheri ba. Gardamar tana da ƙarfi a takarda, amma mai yinta yana zaune ne a inuwar da bai dasa ba. Bashin tsara ba ya komawa baya, gama waɗanda aka ci nasu sun riga sun tafi. Gaba kaɗai ake iya biyansa. Shari'ar Musa ma, a Littafin Firistoci sura 19, ta hana mai dashe cin 'ya'yan itacensa shekara uku na farko, ta keɓe na shekara ta huɗu ga Ubangiji, sai a ta biyar ya ci. Ko mai itacen kansa an koya masa cewa ba shi ne farkon mai hakki a kansa ba.

Sai dai iyakar nan tsakanin abin da ke hannun mutum da abin da ya fi ƙarfinsa ba a kafe take wuri ɗaya ba, kuma a nan ne batun ya fi wuya. Bayan yaƙi, dazuzzukan Jamus sun ragu ƙwarai saboda saran itacen wuta da na biyan diyya. Mata ne da yawa suka yi aikin sāke dasa su, a durƙushe cikin sanyi, a kan ɗan lada kaɗan. Domin girmama su aka buga hoton wata mace tana dasa ɗan itacen oak a kan kuɗin ƙarfe na fenig 50, wanda aka yi ta kashewa daga 1949 har zuwan kuɗin yuro. Amma abin da aka fi dasawa a wurare da yawa ba oak ba ne. Wani itace ne mai ganye kamar allura da ake kira spruce, da danginsa, domin suna saurin girma, irinsu yana samuwa, ƙasar kuma tana bukatar katakon gini. Aka dasa su iri ɗaya, tsara ɗaya, fili bayan fili. Daga shekarar 2018 fari ya afka wa ƙasar shekaru a jere, itatuwan suka raunana, wani ƙwaro mai haƙa ƙarƙashin ɓawo ya bi su ya kashe dubban ɗaruruwan kadada. Duwatsun Harz sun cika da busassun itatuwa tsaye kamar turaku.

Matan nan ba su da laifi, haka ma yawancin waɗanda suka ba su irin. Ba su san yanayin duniya zai ɗumama haka ba, yunwar katako kuwa a gabansu take. Amma mai dashe na yau ya sani. An gaya masa cewa itacen da ya sa a ƙasa wannan Nuwamba zai yi girmansa cikin zafi da farin da suka fi na yanzu, an kuma nuna masa abin da ke samun dajin iri ɗaya. Abin da ya kasance ƙaddara ga kakarsa ya zama zaɓi a gare shi. In ya sāke dasa abin da ya fi araha da sauri, ba zai iya fakewa da cewa gobe ta Allah ce ba, gama an riga an buɗe masa wani sashi na goben. Ilimi yakan matsar da iyakar alhaki gaba, ba ya kuwa tambayar mutum ko yana so.

Mai karatu a Jos ko Numan ko Kafanchan kada ya ɗauki kalandar Turai ya dasa mangwaro a watan Nuwamba, gama zai mutu kafin Kirsimati in ba a yi ta ɗauko masa ruwa ba. A ƙasar nan lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta zauna, domin saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke. Abin da hunturu yake ga ɗan itacen Turai shi ne rani ga na nan, awaki suna a matsayin zomaye, wutar daji kuma a matsayin ƙanƙara. Harabar majami'u da makarantu da yawa tana da 'yan kewayen ƙaya ko na bulo waɗanda ba kome a tsakiyarsu sai busasshiyar sanda, shaidar bikin da aka yi a watan Yuli, ba a kuwa sa sunan wanda zai ɗauki bokiti a watan Fabrairu ba.

Akwai aiki ɗaya na ƙarshe wanda ko masu himma sukan manta da shi. Turken da aka kafa da igiyar da aka ɗaura ranar dashe na ɗan lokaci ne. Itace yana bukatar iska ta riƙa kaɗa shi domin gindinsa ya yi kauri, wanda aka bari a ɗaure kuwa yakan yi tsawo ba ƙarfi, igiyar kuma takan nutse cikin ɓawonsa yayin da yake ƙiba har ta shaƙe shi. A gefen hanyoyin Turai ana ganin irin waɗannan, itatuwan da suka tsira daga sanyi da zomo da fari, sa'an nan ɗaurin da aka yi domin taimakonsu ya kashe su, ko rigar robar da ta kāre su ta tsage ta zama shara a daji. Bayan shekara ɗaya ko biyu, idan kaka ta sāke zagayowa, ganye ya zube, mai dashen yakan koma da wuƙa a hannu, ya kama gangar itacen ya girgiza ta a hankali ya ga ko ƙasar gindin tana motsi. In ba ta motsi, sai ya yanke igiyar, ya tumɓuke turken, ya ɗauke shi zuwa ramin da zai haƙa a wannan shekara.